Ba kullum ne laifin dumso ba: abin da ke ƙona famfon bohol ɗinmu

Sau biyu cikin shekara guda aka zaro famfon bohol na masallacin layinmu a nan Ayigya Zango, kwayil ɗinsa ya ƙone ƙurmus. Da farko muka ce wuta ce, tunda mun sha jiki a dumson 2015. Karo na biyu muka ɗora wa mai naɗin kwayil a Magazin ɗin Suame, wai ya yi mana algus. Aka sake zagayawa da kwano bayan Juma'a, yara suka koma ɗaukar jarka kafin makaranta. Ina ganinsu a aji suna gyangyaɗi.

Ashe ɓarnar daga akwatin da muke alfahari da shi take fitowa, wato inbatar da ke rage wa injin gudu ko ta ƙara, wadda masu aikin lantarki ke kira VFD. Ba ta batir ta cikin ɗaki nake nufi ba.

Ga yadda abin yake. Wutar layi uku a Ghana wajen bolt 400 ce, tana hawa tana sauka sannu-sannu, sau 50 a daƙiƙa. Inbata takan tara ta ta kai wajen bolt 560, sannan ta riƙa datsa ta tana harba wa injin guntu-guntu, sau dubbai a daƙiƙa. Idan wayar da ke tsakaninsu doguwa ce, kowane harbi yana isa bakin injin ya dawo baya, kamar ruwan da ya bugi bango, ya haɗu da wanda ke tafe. A nan ƙarfin kan kusa ninkawa, har ya haura bolt 1,000. Naɗin farko na kwayil shi ke shan dukan. Ɗan siririn fentin da ke jikin wayar tagulla yana cinyewa a hankali, ba ƙara ba hayaƙi, sai ranar da waya ta taɓa waya. To wace waya ce ta fi ta bohol tsawo, da injin yana can ƙasan rijiya?

Ban ce a watsar da inbata ba. Tana rage kuɗin wuta, tana tayar da injin ba fizga, kuma famfon sola da yawa da ita suke aiki. Abin da na ƙi shi ne a sayar mana da rabin aiki. Akwai matata da ake sawa tsakanin inbata da injin don ta lausasa harbin, akwai kuma injin da aka ƙera musamman don inbata. Mai haɗawa ya san wannan, amma yana tsoron kuɗin ya hau kwamiti ya tafi wajen wani. Mu kuwa, a faɗi gaskiya, mai araha muke nema.

Alhazanmu na kwamiti, kafin ku sa hannu ku tambaya: wayar mita nawa ce, kuma akwai matata a lissafin? In za a sake naɗi, a gaya wa mai naɗin cewa inbata ce za ta ja injin, ya sa waya mai kaurin fenti da takarda tsakanin layukan. Namu ba wanda ya gaya masa, ni ma da na fi kowa surutu sai da na je na ba shi haƙuri. Jami'ar KNUST kuma tsallaken titi kawai take, kuma 'ya'yan Zango na karanta lantarki a can. A kira ɗaya ya duba takardar kafin a biya.