Daga baje kolin Jamus zuwa aljihun mai shago a Dahab

Ƙannenmu 'yan sakandare, a wannan makon filinmu zai kai mu bakin Bahar Maliya a ƙasar Masar. A garuruwa irin su Hurgada da Dahab akwai wata sana'a da ba mu saba da ita a nan ba, wato shagon nutso. Baƙi ne ke zuwa, yawancinsu daga Turai, su biya kuɗi a goya musu tukunyar iska, a sa musu gilashin ido da takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, a shiga da su ƙarƙashin teku su kalli kifaye da murjani. Mai shagon yana sayar da kayan, yana ba da hayarsu, yana kuma koyar da nutson.

Da watan Janairu ya kama, hankalin irin wannan mai shago yana Jamus. A birnin Dusseldorf ake gudanar da baje kolin da ake kira boot, wanda aka fara tun 1969. Kwana 9 ake yi ana baje jiragen ruwa da kayan nutso da sauran kayan wasannin ruwa. Amurka ma tana da nata, DEMA Show, a watan Nuwamba, amma shi 'yan sana'ar kaɗai ake bari su shiga.

Tafiyar ba wasa ba ce. Akwai biza, kuɗin jirgi, masauki da abinci, kuma da kuɗin Yuro za a yi hidima a can. A watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi, dala ɗaya ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan fam 50. Ke nan wanda ya je ya zaga ya ɗauki hotuna ya dawo da jaka cike da takardun talla, ya ƙona ribar watanni a banza.

To ina ribar take? Mutane da yawa za su ce a sari take, domin kamfanoni kan rage farashi ga wanda ya yi odar kaya a wurin. Gaskiya ne, amma a ganinmu nan ne tarkon yake. Rangwame yana da daɗin ji. A ce an rage maka kashi 20 cikin ɗari a kan rigunan roba 50, ka kwaso, sai 15 kawai suka fita a shekarar. Sauran 35 ɗin kuɗinka ne a rataye a bango suna shan ƙura, ga kuɗin hayar shago da albashin yara suna jira. Shi ya sa mai wayo yake buɗe littafin cinikinsa tun kafin ya yanki tikiti, ya ga abin da ya ƙare da wuri bara da abin da ya kwanta, ya rubuta iya kuɗin da zai kashe, kuma kada ya wuce shi komai zaƙin bakin mai talla.

Babbar riba tana wajen mutane. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Turai suna da rumfuna a wurin, haka ƙungiyoyin masu nutso sukan zo neman inda za su je hutu. Yarjejeniya ɗaya da wakilin da zai riƙa turo rukunin baƙi ta fi kwali goma na kayan sari, domin baƙon nan zai biya kuɗin jirgin ruwa, ya hayi kaya, wataƙila ma ya biya kuɗin koyo ya karɓi shaidar PADI. Sai dai irin wannan ganawa tun daga gida ake neman lokacinta, makonni kafin a buɗe kasuwar. Wanda ya bari sai ya isa zai tarar an cika jadawali.

Akwai kuma ilimi. A DEMA Show masu ƙera kaya kan koyar da gyaran na'urar da mai nutso ke shaƙar iska da ita. Ran mutum ne a kanta, dole a riƙa duba ta lokaci-lokaci, kuma shagon da ya iya gyaran yana da ciniki ko da ba a sayi sabon kaya ba.

Aikin da aka fi yin sakaci da shi yana farawa ne bayan an dawo gida. Wakilin da ka gaisa da shi ya gaisa da wasu ɗaruruwa, in ka yi wata guda ba ka tuntuɓe shi ba ya manta fuskarka. Don haka a bayan kowane kati da aka karɓa a rubuta abin da aka tattauna, a aika saƙo cikin makon farko da farashi a fili.

Mu ma muna da tamu kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa a Kaduna, wadda KADCCIMA ke shiryawa, kuma makarantu kan kai ɗalibai. In an kai ku, ku tafi da biro da ɗan littafi. Ku zaɓi rumfa uku, ku tambayi farashin sari da na ɗai-ɗai, da mafi ƙarancin adadin da suke sayarwa a sari, ku karɓi lambar waya. Da kun koma gida ku kwatanta da farashin kasuwar garinku, ku cire kuɗin mota, ku aiko mana da abin da lissafin ya nuna.