Kafin ka sayar da tsohuwar motar gidanku a kan sikeli

A bayan gidanmu da ke Dungu akwai wata Benz 230 da marigayi mahaifina ya bari, irin wadda kamfanin Mercedes ya ƙera tsakanin 1976 da 1986. Bara na yi niyyar tayar da ita don ta riƙa kai mahaifiyata asibiti. Bakanike ya lissafa mini kayan gyara, na duba albashina na malamin makaranta, sai kawai na ce Allah ya kyauta. Ba a yi wata guda ba masu sayen ƙarfe suka zo suka yi tayin ta a kilo. Da ƙyar na hana ƙanena sallamawa.

Ra'ayina shi ne, muna sayen kayan gyaran tsofaffin motocin nan da farashin dala, amma in mun tashi sayar da motar sai mu sallama da farashin bola. Wannan asara ce da muke jawo wa kanmu.

Mu fara da saye. Kusan duk abin da ke shagunan Abossey Okai a Accra da Suame Magazine a Kumasi daga waje yake zuwa. Ɗan kasuwa da dala yake saro shi, kuɗin fito a tashar Tema ma da canjin dala ake lissafa shi, sannan a ɗora kuɗin mota zuwa Tamale. A farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 ce, kafin ƙarshen Nuwamba ta doshi 15. A 2025 sidi ya farfaɗo, daga wajen 15 a Afrilu zuwa wajen 10 a Yuni, har ƙungiyar direbobi ta GPRTU ta rage kuɗin mota da kashi 15 cikin ɗari a watan Mayu. To amma je ka tambayi mai shago, zai ce maka tsohon kaya ne, da tsada ya saro. Ban ce ƙarya yake ba. Sai dai ranar da dala ta hau, ai bai jira tsohon kayan ya ƙare ba kafin ya ƙara kuɗi.

Akwai kuma abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Motar da muke kira akwala, a Turai kayan marmari ce. A Jamus, mota in ta shekara 30 kuma tana cikin kyakkyawan hali, ana iya ba ta lamba ta musamman a matsayin motar tarihi. Masu sha'awar irin waɗannan motoci suna neman fitila, sitiyari, ƙyaure da injin na asali, suna biya da yuro. Wuraren da 'yan kasuwarmu ke tsinto kayan hannu can ne su ma suke nema. Kaya ya yi ƙaranci, mai yuro ya riga mai sidi.

Wani zai ce, Malam, motar da ta shekara goma kaji na ƙwai a cikinta, wane Bature zai saya? Gaskiya ne, ba kowace ce ke da daraja ba, wadda tsatsa ta cinye ƙasanta sai sikeli. Kuma mai neman kuɗin makarantar yara ba ya jiran ciniki. Amma ko a nan gida, direban da ke lallaɓa tsohuwar Benz 207 ko Peugeot 504 zai sayi giya ko famfon mai da kuɗin da ya fi na kilo nesa ba kusa ba.

Don haka kafin a kira masu guduma, a ɗauki hoton motar, a rubuta lambar jikinta, a sa yaro mai waya ya duba abin da ake sayar da irinta a intanet, a kuma tambayi bakanike biyu ko uku. In gado ce, kowane magaji ya san ainihin darajarta kafin a raba, don haƙƙin marayu ba abin wasa ba ne.

Tamu dai tana nan a ƙarƙashin darbejiya. Na saya mata tamfol, ina tara kuɗin gyara kaɗan-kaɗan.