Ba ƙwayar olsa ke cin haƙoran yaranmu ba

Malam, ka rubuta cewa ƙwayar cutar gyambon ciki ce ke ruɓar da haƙoran yara a Bombouaka da zangon Dapaong, har kana ba iyaye shawarar sayen maganin olsa. Wannan ganganci ne. Gaskiya ana samun ƙwayar olsar, wato Helicobacter pylori, wadda masu bincike Marshall da Warren suka gano a 1982, cikin dattin haƙori. Amma ganin mutum a bakin rumbu bai sa ya zama ɓarawon hatsi ba. Babbar mai huda haƙori ita ce Streptococcus mutans: tana cin sukarin alewa da shayi, ta fitar da tsamin da ke zaizaye haƙorin. Yaron da kuncinsa ya kumbura, ya kwana yana kuka, a kai shi wurin likitan haƙori, a rage masa zaƙi.