Jaka Shida, Leda Nawa?

Makon jiya bayan magariba ɗan ƙanwata, mai shekara tara, ɗan aji huɗu a nan Moshi Zongo, ya shigo da littafinsa fuska a murtuke. Tambayar da ya faɗi ita ce: mai shago ya sayo jaka 6 ta fiya wata, kowace jaka leda 30, leda nawa ke nan gaba ɗaya? Ya rubuta 36.

Abin da ya ɗaure min kai, yaron nan shi ke tsare wa uwarsa tebur ran Asabar, kuma ba a taɓa cutarsa a canji ba. Sai na rufe littafin na ce da Hausa, "Kai, mai mota ya sauke wa Inna jaka shida, ruwa nawa za ta sa a firji?" Ya ɗan motsa baki: "Biyu sittin, huɗu ɗari da ashirin, shida ɗari da tamanin." Ko minti bai yi ba.

To ashe ba lissafin ne ya kayar da shi ba. Ya ga kalmar Turancin da ke nufin "gaba ɗaya", shi kuma ya haddace cewa duk inda ta fito tarawa ake yi. Mu tuna, ɗanmu Hausa yake ji a gida, Dagbanci a waje, tambaya kuma ta zo masa da Turanci, tunda Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ta ɗauka don makarantu. Kafin ya gama kwance jimlar, ya cafke lambobi biyu ya haɗa, a wuce wurin.

Don haka kafin fensir ya taɓa takarda, a sa yaro ya ba da labarin da bakinsa, sannan a tambaye shi abu biyu: kashi nawa ne, kuma nawa ke cikin kowane kashi? In ya rikice, a kasa masa tsakuwa ko murafen kwalba, kamar yadda ake kasa tumatir.

Hanyar kaiwa ga amsa kuwa, kasuwar Aboabo cike take da su. Kwano 12 a kan sidi 15: mai hatsi zai ce goma 150, biyu 30, ya tashi 180. Kiret 9 na ƙwai, kowane 30: a ɗauka goma ne, 300, a cire ɗaya, saura 270. Abu 8 a kan sidi 25, a yi ta ruɓanyawa: 50, 100, 200. Dattawanmu ma da har yau ke kiran sidi 100 "miliyan ɗaya", tun canjin kuɗin 2007 suke ninkawa da 10,000 a ka, ba su taɓa kiransa darasi ba.

Ni dai ban ga laifin haddar "bakwai sau takwas" ba, tana rage wahala. Inda nake jayayya da wasu iyaye shi ne tsawar "ba haka malam ya koya maka ba". Gara yaro ya yi ta hanya biyu. In amsoshin sun saɓa, shi da kansa zai nemo inda ya kauce.

Da zai tafi na jarraba shi da ƙwarya 4 ta goro. Ya tsaya ya ce, "Kawu, nawa ke cikin ƙwarya?" Na ce 100. Ya ce 400, ya suri takalmansa.