Daga Masaƙar Kaduna Zuwa Ragar Bulgeriya

Ran 21 ga watan Yuni, 1994, a birnin Dalas na Amurka, Finidi George ya miƙo ƙwallo daga dama, Rashidi Yekini ya tura ta cikin ragar Bulgeriya, sa'an nan ya riƙe ragar da hannu biyu yana jijjiga ta. Wannan ita ce ƙwallon farko da Nijeriya ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya, ba kuwa wanda bai san hoton nan ba. Amma abin da nake so malamaina da 'yan'uwana ɗalibai mu duba shi ne doguwar hanyar da ta kai shi bakin wannan raga, domin a ranar shekararsa 30 cif.

A Kaduna aka haife shi cikin 1963, kuma a ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna ya fara wasa. Daga nan sai Shooting Stars ta Badun, wadda ya kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka da ita a 1984, Zamalek ta Masar ta doke su. Ya taɓa Abiola Babes ta Abekuta, ya ƙetara Abijan wajen Africa Sports a 1987. Bai taka Turai ba sai 1990, can ma ba wata shahararriyar ƙungiya ya samu ba, Vitoria Setubal ce ta ƙasar Fotugal. Da ta faɗa rukuni na biyu bai guje ta ba, ya tsaya har suka hawo, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a babban rukunin ƙasar a kakar 1993/94, da ƙwallo 21.

Haƙurin nan shi Nijeriya ta ci moriyarsa. A 1993 ya zama ɗan Nijeriya na farko da aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. A 1994 ya fi kowa cin ƙwallo a Tunisiya, inda muka ɗauko kofin Afirka. Jimillar abin da ya ci wa ƙasa ƙwallo 37 ne.

To, ga ra'ayina. Baiwa daga Allah take, amma sai da wurin renonta, masaƙa kuwa ita ta reni wannan. A da kamfani kan riƙe ƙungiya, yaron unguwa ya sami fili da mai horarwa da ɗan abin sawa a aljihu, ba tare da ya bar gaban iyayensa ba. Masaƙun Kakuri sun durƙushe, muna ta lissafin ma'aikatan da suka rasa abinci, mun manta da cewa har da matakin farko na wannan tsani aka karya. Shi ya sa yaro tun bai ƙosa ba sai a sayar da gonar gado a miƙa wa dillali, wai zai kai shi Turai.

Wani zai ce zamani ya sake, Turawa yanzu ɗanyen yaro suke nema, wanda ya jira shekara 26 kamar Yekini ya makara. Gaskiya ne. Sai dai wannan hujja ce ta a gaggauta gyara gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In masaƙa ta gaza, ai akwai bankuna da kamfanonin siminti da na sadarwa, waɗanda ribarsu daga aljihun iyayen yaran nan take fitowa.

Yekini ya dawo gida ya ƙare wasansa a 2005, ya rasu a Badun ran 4 ga Mayu, 2012. Yabo dai an yi masa, amma ni a ganina babbar karramawa ita ce a sake kafa tsanin da ya hau. Allah ya ji ƙansa, mu kuma ya ba mu ikon gyarawa, amin.