Agajin Cocin Katolika bayan Amurka ta janye hannu

A 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye Mubi da ƙauyukan arewacin Adamawa, dubban mutane sun kwararo Yola, da yawansu kuma a harabar Cocin St. Theresa suka sauka. Shekaru cocin ya yi yana ɗawainiya da su a ƙarƙashin Bishop Stephen Dami Mamza. A 2021 ya gina wa waɗanda suka kasa komawa gida gidaje 86 a Sangere-Marghi, har da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu, abin da ya jawo wa Bishop ɗin suka daga wasu mabiyansa.

Irin wannan aiki yana da tsari a bayansa. Majalisar Bishop-bishop ta Najeriya ta kafa Caritas Nigeria a 2010, akwai kuma kwamitocin adalci da ci gaba da zaman lafiya, wato JDPC, a yankunan cocin. Ƙarfinsu shi ne kusanci da jama'a: limamin cocin ƙauye ya san gidan da aka kwana da yunwa tun kafin sunan mai gidan ya shiga rajistar marasa galihu ta gwamnati, idan ma ya shiga.

Rauninsu kuwa kuɗi ne. Manyan shirye-shiryensu, musamman na kula da masu cutar ƙanjamau da ciyar da 'yan gudun hijira, sun dogara da tallafin waje. Da Shugaba Trump ya dakatar da agajin Amurka a Janairun 2025, aka kuma rushe USAID, ƙungiyar Catholic Relief Services tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Baikon ranar Lahadi ba zai cike wannan giɓi ba, a ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133 ke fama da talauci ta fuskoki da dama a 2022, tun kafin cire tallafin man fetur.

A nan ya kamata jami'an Ma'aikatar Jinƙai su tsaya su yi nazari. Yabo a wurin taro ba ya sayen magani. Gwamnati na iya ƙulla yarjejeniya da waɗannan ƙungiyoyi, da takwarorinsu na Musulmi, kan tantance mabuƙata da isar da tallafi, bisa sharaɗin buɗe littafin kuɗi ga masu bincike da kuma haramta tambayar addinin mai karɓa. Sharaɗin farko zai fi yi wa wasu ofisoshin gwamnati nauyi fiye da cocin.