Idan Hannu Ya Yi Sanyi da Allura

Sharhinmu na yau a kan mai sana'ar hannu ne wadda wahala ta raba ta da allurarta, wahalar ta zo ta wuce, amma sha'awar ɗinkin ta ƙi dawowa.

Abin yana faruwa fiye da yadda ake faɗa. Mace ta shafe wata da watanni tana jinyar mahaifiyarta a asibiti, ko ta fita takaba, ko ambaliya ta tashe su daga gida. An yi jaje, an yi ta'aziyya, baƙi sun watse. Kwandon ɗinki yana nan inda ta bar shi, zare ya yi ƙura. Ta jawo shi, ta duba, ta mayar ƙarƙashin gado. In an tambaye ta sai ta ce, "Wallahi jikina ne ya mutu." Dangi kuwa sukan rabu biyu. Wasu su ce lalaci ne kawai. Wasu su ce a ƙyale ta, ranar da ta ji sha'awa za ta ɗauka da kanta. Duka biyun ban yarda da su ba, amma na biyun ya fi ɓarna, domin a kunne tausayi ne, alhali yana iya cinye shekaru.

Don mu ga wata mafita, bari mu leƙa wani ƙauye a jihar Alabama ta ƙasar Amurka, mai suna Gee's Bend, wanda kogin Alabama ya zagaye ta gefe uku. Mutanensa baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da aka kai noman auduga. An kafa gonar audugar wurin a 1816, a 1845 ta koma hannun wani Mark Pettway, shi ya sa har yau gidaje da yawa a garin suke amsa sunan Pettway. Matan wannan ƙauye sun yi suna wajen ɗinka bargon ƙyallaye. Bargo ne mai hawa uku. A sama ƙyallaye ne da aka harhaɗa, na tsohon wando da buhun gari da rigar da ta gaji. A tsakiya auduga ce da aka buge ta yi laushi, a ƙasa kuma shafi. Sai a bi da allura a ɗinke su su zama abu ɗaya. Sanyi ne ya koya musu sana'ar: gidajen na katako ne, iska na shiga ta ko'ina, har tsofaffin jaridu suke liƙawa a bango.

Wahala kuwa sun sha ta har sun ƙoshi. A 1932 attajirin da ke ba su bashin noma a garin Camden ya mutu, magadansa suka aiko aka kwashe dabbobi da kayan noma da abincin da ke rumbu. Da taimakon ƙungiyar Red Cross suka ga ƙarshen sanyin wannan shekara. Bayan shekara goma, a 1942, wata mata mai suna Missouri Pettway, wadda mijinta Nathaniel ya rasu bayan jinya, ta tattara kayan da yake shiga gona da su. Ta sa 'yarta Arlonzia ta taya ta yankawa, ta ɗinka bargo da su domin ta riƙa lulluɓa tana tuna shi. Bargon yana nan har yau, ana ganin inda gwiwar wando ta koɗe da inda aka yi faci.

Ku lura da abin da wannan baiwar Allah ta yi. Ba ta zauna jiran baƙin ciki ya gama da ita ba. Abin da ya cika mata zuciya shi ta ɗora a cinya ta bi da allura. Masana halayyar ɗan Adam sun zo sun tabbatar da irin wannan daga baya. A shekarun 1970 wani masani a Jami'ar Oregon, Peter Lewinsohn, ya nuna yadda damuwa take ɗaure mutum: ya daina abin da ke faranta masa rai, rashin abin ya ƙara masa nauyin zuciya, nauyin ya ƙara hana shi motsi. Maganin da aka gina a kan wannan bincike, wanda likitoci ke amfani da shi har yanzu, shi ne a fara aikin tun ba a ji daɗinsa ba, daɗin ya biyo daga baya. 'Yan fadama sun san haka game da injin ban ruwa. Ko a bakin kogi yake, sai an ɗura masa ruwa tukuna kafin ya jawo nasa.

To amma wane irin aiki za a fara da shi? A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Mai ɗinki takan koma kan babban aikin da ta bari a rabi, ta auna abin da ya rage, gabanta ya faɗi. Ga shi kuma sau da yawa wannan ƙyalle shi ne wanda take riƙe da shi a barandar asibiti, ganinsa kawai yana dawo mata da warin magani. A ganina ba dole ba ne a ƙarasa shi. A ninke shi a sa a akwati, ko a ba wata ta ƙarasa. Ba bashi ba ne.

Ga misalin aikin da ya dace a fara da shi. A 1942, bayan da sojojin Japan suka kama Singafo, sun kulle ɗaruruwan mata farar hula a kurkukun Changi, an raba su da mazajensu, babu wanda ya san halin da wani ke ciki. Wata 'yar ƙasar Kanada a cikinsu, Ethel Mulvany, ta kawo shawarar a ɗinka barguna a ce kyauta ce ga asibitin sojojin da suka ji rauni. Ba a ce wa kowace mace ta ɗinka bargo ba. Ƙyalle aka miƙa mata mai faɗin inci 6, aka ce ta yi masa ado da abin da ke ranta, ta sa sunanta. Ƙyalle 66 ne suka haɗa kowane bargo, kuma ta haka wasu mazan suka san matansu na raye. Mace mai fama da yunwa da fargaba ba ta iya tunanin bargo guda, amma tana iya tunanin ƙyalle kamar tafin hannu. Haka ya kamata mai dawowa ta auna wa kanta. Kwata na awa bayan la'asar ya isa. In ta tashi ta bar allurar da zare a ciki, a soke a jikin ƙyallen, a inda ido zai gan ta, domin neman almakashi da zura zare su ne kan kashe niyyar kafin a fara.

Akwai kuma wani abu da ke sanyaya hannu, wato awon wani. A 1966 aka kafa ƙungiyar ɗinki mai suna Freedom Quilting Bee kusa da Gee's Bend, da taimakon wani limamin coci, Francis Walter. Kuɗi sun shigo, har manyan kantunan New York irin su Bloomingdale's suka ba da kwangila. Sai dai kantunan suna son barguna iri ɗaya, zane ɗaya, ɗinki a miƙe. Matan da suka saba bin idonsu da zuciyarsu suka ga ana raina aikinsu don layi ya karkace. Abin sha'awa shi ne, da kamfanin Sears ya ba su aikin rigunan matashin kai a 1972, sai suka riƙa kwashe ragowar yadin zuwa gida, suna ɗinka abin da suka ga dama, ba mai tsaya musu a kai. Waɗannan na gidan su ne yau suke rataye a gidajen adana kayan fasaha.

Na san akwai masu saurarona da allura ce tukunyarsu. Matan da rikicin Boko Haram ya koro daga Bama da kewaye, suka zauna a Maiduguri suna ɗinkin hula, ba su da sararin cewa yau zuciya ba ta so. Hula ɗaya takan ci makonni, ga dillali yana jira. Ba zan yi musu wa'azin sha'awa ba. Abin da kawai zan ce, ko mai ɗinkin sayarwa tana buƙatar ƙyalle ɗaya da babu mai ƙidaya mata kwanakinsa, in ba haka ba hannu zai ci gaba da tafiya alhali an bar zuciya a baya.

Wani gargaɗi kuma kafin in wuce. Idan mutuwar jikin ta wuce kwandon ɗinki, ta kai ga ba barci, ba cin abinci, ba son ganin mutane, kuma abin ya haura mako biyu a jere, to wannan ya fi ƙarfin allura. Ciwon damuwa ne ake zato, yana da magani, a je a ga likita.

Mu koma Gee's Bend. Zuwa ƙarshen ƙarnin da ya wuce sana'ar ta kusa mutuwa. Gidaje sun samu lantarki da abin ɗumama ɗaki, matasa sun tafi birane, tsofaffi sun ajiye allura saboda ciwon gaɓoɓi. Wata daga cikinsu, Annie Mae Young, har ƙona tsofaffin bargunanta take yi don hayaƙin ya kori sauro. Wani mai tara kayan fasaha, William Arnett, ya ga hoton bargonta a wani littafi, ya bi sawu har ƙofar gidanta. A 2002 aka baje kolin bargunan ƙauyen a birnin Houston, daga nan aka kai su gidan adana fasaha na Whitney a New York. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga guda goma a jikin kan sarki. Ciwon gaɓoɓin bai warke ba, shekaru ba su ragu ba, amma tsofaffin nan suka koma ɗinki, 'ya'ya da jikoki suka zo koyo. An kalli aikinsu an tsaya a gabansa, shi ke nan.

Wannan ɓangaren a hannun 'yan gida yake, kuma ba ya buƙatar birnin New York. Da ma a Gee's Bend mace ita kaɗai take harhaɗa ƙyallayenta, amma ɗinke hawa ukun taro ake yi, a kewaye katakon da aka ɗaure bargon a kai, ana hira ana waƙoƙin coci. Saboda haka a daina tambayar Yaya ko Inna, "Yaushe za ki koma ɗinkinki?" Tambayar tana kama da tuhuma. A ɗauko abin da ta taɓa ɗinkawa a shimfiɗa ranar suna, baƙi su tambayi wa ya yi. Maƙwabciya ta shigo da nata aikin ta zauna kusa da ita, ba tare da ta ce komai a kai ba. Ko a turo mata yarinya da ƙyalle a hannu ta ce, "Gwaggo, nan wurin ya gagare ni." Da wuya gwana ta ga ana ɓata ɗinki a gabanta ta iya riƙe hannunta.